Allurar Tsakar Dare: Gwanayen Ɗinkin Hula da Ƙafar da Ba Ta Kwanciya

Mai sayen hula da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa kallon adon waje. Juya ta yake yi ya duba ciki. A nan ake gane hannun gwana: ba ƙulli barkatai, ba zaren da ya tsallaka daga wannan layi zuwa wancan don gudun wahala, ba inda aka ja yadin ya tattare, ba inda aka saki ya yi lakwas. Dillali a Kasuwar Kurmi kan shafa cikin hula da babban yatsa sau ɗaya ya yanka mata kuɗi. Ba ya tambayar da wane lokaci aka ɗinka ta, balle abin da ya tashi mai ɗinkin daga shimfiɗa ya miƙa mata allura.

A ƙasar Garun Malam da maƙwabtanta Kura da Bunkure, rana ba ta mace ba ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa, noma ya daina jiran damina. Kashin farko na wannan shirin ban ruwa an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara, manyan motoci kuma na layi a Kwanar Gafan suna jiran kwanduna. Mafi yawan aikin gonar na maza ne, amma wutsiyarsa cikin gida take shigowa. Mace ce za ta turara shinkafa ta shanya, ita za ta yanka tumatir ranar da kasuwa ta faɗi a yi kauɗa, ita za ta dafa abincin 'yan ƙwadago. Allura galibi sai dare. Daga cikin masu ɗinkin dare akwai waɗanda ba su da wani lokacin sai shi. Akwai kuma waɗanda ko sun so kwanciya ƙafa ba za ta bar su ba, kuma waɗannan ne suka mayar da ɗinki wata dabara da ta cancanci a zauna a fayyace ta.

Larurar ga yadda take. Mutum ya wuni lafiya ƙalau, ya yi sallar isha, ya miƙe a shimfiɗa. Ba a jima ba wani abu ya fara motsi can cikin sharaɓa ko ƙwauri. Ba zafin buguwa ba ne, ba ƙaiƙayin fata ba ne da za a sosa a huta. Da yawa cewa suke kamar kiyashi ne ke yawo a cikin ƙashi. Dole sai an motsa ƙafar. Da an miƙe an taka, abin ya lafa; da an koma an kwanta, ya dawo. Da safe babu shi, da hantsi babu shi, sai yamma ta yi ya fara leƙowa, tsakar dare ya kai maƙura, gab da asuba ya saki mutum, lokacin da barci ya riga ya yi masa nisa. Wasu ko sun samu barcin ya ɗauke su ƙafar ba ta daina zabura, sai abokin kwana ya wayi gari yana ƙorafin shuri. Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Mai wannan larura ba ya cikin lissafin.

A gida akan ce sanyi ne, ko jijiya, wani lokaci a ce iska. Amma ta bambanta da ɗaurewar jijiya, wadda tsoka ke ƙullewa ta yi tauri da zafi na ɗan lokaci ta saki. Ta bambanta da zugi da mutuwar tafin ƙafa na mai ciwon suga, wanda tafiya ba ta raba shi da mutum. Alamarta ita ce hutu ke tayar da ita, motsi ke kwantar da ita, kuma da dare take aiki.

Likitoci sun daɗe da saninta. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana ta a 1672. Likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi mata cikakken nazari a 1945, shi ya sa ake haɗa sunayensu biyu a kira ta da su. A 1953 wani ɗan ƙasar Suwidin ɗin, Nils Nordlander, ya nuna cewa idan aka ƙara wa masu ita sinadarin ayon ta jijiya, da yawansu na samun sauƙi. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa ƙwaƙwalwar masu larurar na da ƙarancin ayon a wasu sassa, kuma ayon ɗin ne ake buƙata wajen sarrafa dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki. Tana bin jini a dangi. A 2007 aka gano wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki. Ta fi kama mata, ta fi tsananta a watanni ukun ƙarshe na ciki, kuma tana yawan samun masu ciwon ƙoda.

Duk wanda ya san yankin noman rani zai ga inda zancen ya dosa. Ruwan da ya kawo arziki shi ya zaunar da sauro shekara zagaye, kuma kowane zazzaɓi da rabonsa na jini. A magudanan da yara ke wanka akwai dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, mai fitar da jini a fitsari kaɗan-kaɗan har shekaru. Ga haihuwa kusa da kusa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Mace mai ciki wata takwas a Yadakwari ko Dorawar Sallau da ke zagaya tsakar gida ƙarfe ɗaya na dare ba ta buƙatar a nemo mata aljani.

To ina allura ta shigo?

Abin da masu larurar suka lura da shi da kansu, likitoci kuma suka amince har suna ba da shawararsa, shi ne ba motsin ƙafa kaɗai ke kwantar da ita ba. Duk aikin da ya kama hankali gaba ɗaya yana rage ta, ko da mutum na zaune. Zaman jira, zaman mota, zaman gyangyaɗi su ne abincinta. Zaman da ido da yatsa da lissafi ke aiki tare kuwa yana danne ta. A Turai da Amurka akan ce wa marasa lafiya su riƙe saƙa ko wasan cike gurbin kalmomi idan za su yi doguwar tafiya. A 2013 wata mujallar masu koyar da sana'a don jinya a Birtaniya ta buga binciken da aka tambayi masu saƙa fiye da 3,500, mafi yawansu suka ce suna samun natsuwa bayan sun yi. Binciken ba na ƙafa ba ne, kuma bakin masu saƙar aka ji, ba awo aka yi ba, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma abin da suka faɗa, uwargida a Garun Babba ta faɗe shi a gajarce:

“Yaya, ƙafar nan ta tashi.”

“To bar juye-juyen nan, amarya, kada ki tashi yara. Ɗauko hularki ki zo nan.”

Sai an san yadda ake ɗinka hula za a gane dalilin da ya sa ta dace da wannan aiki fiye da yawancin sana'o'i. Hula ƙyalle biyu ce: dogon tsiri da zai zagaye kai, da da'irar da za ta rufe sama. Farin yadi ake ninkawa ya yi kauri, a auna shi da inci gwargwadon kan mai sawa, 21 ko 22 ko 23. Mai zane, wanda sau da yawa namiji ne kuma sana'arsa ke nan, shi zai bi yadin da biro ya fitar da fasalin ado: murabba'ai, tsani, taurari, layukan da ke shiga juna suna fita. Daga nan aiki ya koma hannun mai ɗinki. Za ta fara bin layukan zanen ta kafa iyakoki, sannan ta shiga cike gidajen. A hula irin kube da zanna, cikon nan ƙananan huji ne: ta soka allura ta buɗa ido a jikin yadin, ta kewaye shi da zare ta ɗaure bakinsa, ta matsa gaba kaɗan ta buɗa wani. Dubbai ne a hula guda. Kowanne dole ya yi girman ɗan'uwansa, ya zauna a sahunsa, kuma jan zaren ya zama ɗaya tun daga na farko har na ƙarshe. In hannu ya yi nauyi a wani wuri, yadin zai karkace, kuma ba mai wankin hular da zai iya miƙar da shi.

Ga kuma launi. Zanen biro bai faɗi inda ruwan toka zai tsaya ruwan ƙasa ya karɓa ba. A kan mai ɗinki wannan yake. Tana riƙe da ƙirga a zuci, tana tuna abin da ta yi a gida na uku don na tara ya yi daidai da shi, tana kuma hango inda bakin tsirin biyu za su haɗu a bayan kai, don kada ado ya yanke a tsakiyar fure. Babban yatsan hagu na tokare yadin daga sama, manuniya na jiran tsinin allura daga ƙasa. Hankali ya tafi na ƙiftawar ido, allurar ce za ta dawo da shi. Wannan shi ne sirrin: aikin bai yi wuyar da zai tayar da rai ba, bai kuma yi sauƙin da za a yi shi da rabin zuciya ba. Babu gurbin da ƙafa za ta sa baki.

A da ɗinkin ado aikin maza ne, malamai da almajiransu a zaure. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi dogon nazari kan ɗinkin Hausawa a shekarun 1970, daidai lokacin da mata ke shigowa sana'ar ta ƙofar hula, don aiki ne da ake yi a ɗaka ba sai an fita ba. Sunayen hulunan ma tarihi ne. Zanna ta samo suna daga Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko daga Borno. Hular Bama ta ƙara yaɗuwa bayan 2014, lokacin da rikici ya kori mutanen garin suka watsu da allurarsu, da yawa ba su fito da komai ba sai ita.

Sai dai akwai ƙulli a maganar, kuma wajen kwance shi ake gane gwana. Abin da ke kwantar da ƙafa farkar da ƙwaƙwalwa yake yi. Barci kuwa ba ya zuwa sai ƙwaƙwalwa ta saki. Wadda ta ɗauki wuri mai wuya ta duƙufa a kai za ta samu ƙafa ta yi shiru, amma za ta ji kiran assalatu ido biyu. Wadda ta ɗauki mai sauƙi tun farko, gyangyaɗi zai fara zuwa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Masu dabara raba aikin suke yi hawa-hawa. Lokacin da abin ke kan ganiyarsa, sai a kama inda ake canza launi, ko kusurwar da layuka uku suka haɗu, inda sai an ƙirga. Wasu a tsaye suke yin wannan kashin, jingine da bango, suna sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa. Idan ya fara lafawa, sai a zauna a tabarma a miƙe ƙafafu a koma cikon fili mai launi ɗaya, wanda hannu ya haddace. In hamma ta zo, ido ya fara ganin huji biyu a wurin ɗaya, an kai. Ba a cewa bari in ƙarasa wannan layin. A soke allura a dunƙulen zare, a sa a gwangwani a rufe, a kwanta. In ƙafar ta sake tashi, a sake tashi tare da ita, ba faɗa.

Wannan saukowa daga mai wuya zuwa mai sauƙi ita ta fi burge ni a duk lamarin, don tana buƙatar mace ta san aikinta gida-gida, ta kuma san jikinta. Gwana takan bar wuraren ƙirga da gangan idan tana ɗinki da la'asar, ta ajiye su don dare. Mai kallo zai ga hula an cike nan an tsallake can, ya ɗauka rashin tsari ne. Tanadi ne.

Masana barci sun iso wuri ɗaya ta wata hanyar. A 1972 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Bootzin, ya fitar da ƙa'idar da har yau take cikin jinyar rashin barci ba da ƙwaya ba: kada a kwanta sai an ji barci, in an kwanta bai zo ba, a bar shimfiɗar a je a yi wani abu mai natsuwa a haske kaɗan, sai ya zo a dawo, kuma a tashi lokaci ɗaya kullum ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Dalilin shi ne mai daɗewa yana juyi a gado yana koya wa jikinsa cewa gado wurin fama ne. Sharaɗin tashi lokaci ɗaya, sallar asuba ta riga ta ɗauke mana shi. Na barin shimfiɗa kuwa yana da ƙarin hujja a ɗakin mai goyo: allura ba ta hawa gadon da jariri ke kwance. Abin da ya rage shi ne haske. Fitilar sola ta raba mata da hayaƙin aci-balbal da tsadar kananzir, alhamdu lillahi, amma farin haskenta mai ƙarfi idan ya daki ido kai tsaye korar barci yake yi. A aje ta a gefe, ƙasa-ƙasa, ta haska yadin ba fuska ba. Zare mai duhu a kan zane mai duhu kuma a bar wa rana, don ido ma amana ne.

Waya fa? Ita ma tana kama hankali, ba musu, kuma wani lokaci ƙafa kan lafa da ita. Matsalarta ba ta da hawan sauka. Kowane bidiyo a TikTok an yi shi ne don ya kira na bayansa, ba inda za a kai a ji an ƙoshi. Hula kuwa da kanta take gajiyar da mai ita, a hankali, ta hanyar da ake so.

Ba hula kaɗai ba ce. Kakanninmu da kaɗi suka yi hirar dare: an gurje auduga, an shiɓe ta, tsohuwa na murza mazari tana dangwalar alli, jikoki na sauraron tatsuniya. Zare irin wannan ne ya ciyar da masaƙa da marina da mabugan Kura, masu baƙin turkuɗi mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara. Kaɗi ya ja baya, amma saƙar faifai na nan, da basilla da kaba mai galura, kuma ita ma ƙirga ce: zagaye nawa ja, zagaye nawa kore. 'Yan mata sun fi karkata ga kwarashi da zaren ulu, suna saƙa hula da safar jarirai kafin hunturu. Kwarashi na da wata fa'ida ga mai farawa: ba ya huda yatsa, kuma in an yi kuskure jan zare ɗaya ya warware shi.

Maza ba sa son a ce suna da irin wannan larura, sai su fake da zagayen gona. Mai ban ruwa da dare ya samu uzuri mai kyau, don tafiya a kan kunya magani ce. Wanda ke shan wuya shi ne mai rakiyar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, a takure a gaban mota dare da rana. A gida kuwa, sana'ar maza da ta fi dacewa ita ce tufka. Mai tufkar igiyar rama yana maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa, ƙafar a miƙe tana ja, tafin hannu na murzawa, wani lokaci a kan cinya. Miƙewa da matsa da shafa duk sun samu a zama ɗaya, ga igiyar ɗaure akuya ta fito. Masaƙin gargajiya da ke taka masaƙarsa da yatsun ƙafa, da tela mai keken ƙafa, su ma aikinsu ya haɗa hannu da ƙafa da ido. Keken dai ƙararsa ba ta tsakar dare ba ce, sai in mutum na son ya raba rashin barcinsa da maƙwabta.

Akwai lokacin da ɗinkin dare ke juyewa ya zama cuta, kuma kowa ya san shi: goman ƙarshe na azumi da kwanakin kafin babbar salla. Dillalai kan kawo yadi da zane da zare su rarraba gida-gida, su sa rana, ladan kuma in aka raba shi da makonnin da aikin ya ci abin kunya ne a faɗa. Mai ɗinki da wa'adi a wuya tana kallon agogo, gabanta na faɗuwa, ba ta ajiyewa in hamma ta zo. Wannan neman kuɗi ne, kuma halal ne, amma ba lallashin barci ba ne. Rashin barcin da yake tarawa ma ƙara tsananta ƙafar yake yi. Shi ya sa wadda ta ƙware takan raba hula biyu. Ta dillali da rana da farkon dare. Ta tsakar dare kuwa tata ce, ba mai jiranta, ko ta maigida ce ko ta ƙanin da zai yi aure baɗi. In ta ɗauki wata huɗu, ta ɗauka.

Duk yabon nan da nake yi, allura ba ta ƙara jini. Lallashi take yi, dare ɗaya bayan ɗaya, kuma babban kuskure ne a bar ta ita kaɗai da aikin. Mafi muni shi ne a nufi kemis a ce a ba da maganin barci. Abin da aka fi miƙowa, irin su Piriton da Phenergan, na cikin magungunan da aka san suna tayar da wannan larura. Haka maganin amai irin Maxolon, da wasu magungunan damuwa. Mutum ya sha don ya kwanta, ya kwana yana zagaye ga maye ga ƙafa. Tiramadol da kodin kuwa tarko ne mai zurfi, don da farko suna kwantar da ita, ranar da aka daina kuma ta dawo ninki. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma matashin da ke ƙoƙarin rabuwa da ƙwaya har yau yakan kwana ƙafa na zabura, ya ɗauka hauka ne ke zuwa, ya koma. Da za a gaya masa cewa alamar janyewa ce kuma tana wucewa, a kai shi ga likita, a kuma ba shi rama ya tufka a daren, da an taimake shi. Ko magungunan da likitoci suka daɗe suna bayarwa masu ƙara aikin dofamin, an gano cewa in an daɗe ana sha suna sa larurar ta riƙa farawa tun da rana ta haura har hannu, shi ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta janye su daga sahun gaba a 2024, ta fifita gyaran ayon da wani rukunin magani dabam. Duk wannan hurumin likita ne.

Abin da ya kamata a roƙa a asibiti, ko a Babban Asibitin Kura ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, shi ne awon feritin, wato ma'ajiyar ayon ta jiki. Awon yawan jini da aka saba yi zai iya fitowa daidai alhali rumbun ya kusa ƙarewa. Ga mai wannan larura, masana na ba da shawarar ƙarin ayon idan feritin bai wuce 75 ba, adadin da ga wani mutum dabam ba za a ce masa komai ba. Kada a yi awon ana cikin zazzaɓi, don zazzaɓi na ɗaga lambar ta yi ƙarya. Kada kuma a sayi ƙwayar a sha da ka, musamman mai sikila da ake yi wa ƙarin jini, wanda ayon ɗin ma yawa yake yi masa. In akwai tsargiya ko tsutsar ciki, sai an kashe su, in ba haka ba tufka ce da warwara.

Mai ciki da ke zuwa awo ta riga ta samu rabin maganin a hannunta, jar ƙwayar nan da ake bayarwa wadda da yawa ke turawa ƙarƙashin katifa don tana sa tashin zuciya da baƙin bayan gida. Baƙin ba illa ba ne. In tana damun ciki a gaya wa ma'aikaciyar awo ta sauya lokacin sha ko yadda ake sha. Shayi na hana jiki tsotse ayon, don haka a raba su da awa biyu. Shayin da goro kuma a daina su tun la'asar, tunda dukkansu na kore barci. Hanta da nama da kifin Tiga su ne kan gaba wajen ayon. Na wake da zogale da alayyafo jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai an haɗa da abu mai tsami irin lemo ko ɗanyen tumatir, wanda a Garun Malam da rani har zubar da shi ake yi. Ƙwayar takan ɗauki wata uku kafin a sake awo a ga inda aka kwana. Ta masu ciki kuwa, mafi yawanci takan tafi da kanta cikin makonnin farko bayan haihuwa. In an yi arba'in tana nan, a koma asibiti.